Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfuta Za Ta Iya Gano Kansar Hanta a Tamale?

TAMBAYA

Ni matashi ne daga Sagnarigu, nan Tamale a arewacin Ghana, kuma ilimin kwamfuta na karanta. Bara kawuna ya rasu da ciwon hanta. Sai da cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, sannan aka kai shi asibiti, likita ya ce kansa ce kuma ta riga ta yi nisa. Na ji ana cewa yanzu akwai ƙirƙirarriyar basira da ke duba hoton asibiti ta gano kansa tun tana ƙarama. In haka ne, me ya hana a sauko da manhajar daga intanet a sa a asibitocinmu? Wani abokina ya ce sai an tara hotuna an yi musu alama tukuna. Wace irin alama ce, wa ke yin ta, kuma mai irin karatuna yana da abin yi a ciki?

AMSA

Allah Ya jiƙan kawunka, Ya sa jinyar ta zame masa kaffara, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi.

Abin da ka ji gaskiya ne, na abokinka ma gaskiya ne, sai dai nasa ya fi nauyi. Manhaja kam tana nan birjik, kyauta. Tsarin da aka fi dogara da shi a wannan aiki, wanda ake kira U-Net, masu bincike a Jami'ar Freiburg ta Jamus ne suka fito da shi tun 2015, kuma mai irin karatunka zai iya ɗora shi a kwamfutarsa kafin azahar. To amma ranar da ka ɗora shi ko hanta da saifa ba zai bambance ba. Ba a koya masa da bayani, da misali ake koya masa: ɗimbin hotuna waɗanda ƙwararre ya riga ya zauna ya nuna a kansu cewa nan hanta ce, nan ƙari ne, wannan ƙarin kuma an bi diddigi an tabbatar kansa ce. Ka ɗauki yaron mahauci a kasuwar Aboabo. Shekara zai yi yana kallon hanta a kan tebur bai san ta kirki da ta banza ba, sai ranar da maigidansa ya fara ɗora yatsa yana cewa duba nan, sannan ya sa wuƙa ya tsaga yaron ya ga abin da ke ciki. Ɗora yatsan nan da tsagawar su ne aikin da abokinka yake nufi, kuma su ne masu tsada.

Kafin mu shiga yadda ake yi, ya kamata ka san cewa labarin kawunka labarin yankin nan ne gaba ɗaya. A ƙididdigar 2022 ta hukumar binciken kansa ta duniya, mutum sama da 860,000 ne suka kamu da kansar hanta a shekara guda, sama da 750,000 kuma suka mutu da ita, wato ita ce ta uku a jerin kansa masu kisa. A 2017 mujallar Lancet mai kula da cututtukan ciki da hanta ta buga wani bincike na marasa lafiya 2,566 daga manyan asibitocin Afirka, ciki har da na Ghana da Najeriya. A Masar, yawanci mutum yana kusan shekara 58 ake gano cutar, kuma kashi 76 cikin 100 sun sami magani na kansar kanta. A sauran ƙasashen kuwa, shekara 46 ce, kashi 3 cikin 100 kacal suka sami irin wannan magani, kuma rabin marasa lafiyar ba su wuce wata biyu da rabi ba bayan an gano. Dalilai biyu ne manya a wajenmu. Na farko ciwon hanta nau'in B, wanda galibi tun mutum yana jariri ko yana ƙaramin yaro yake ɗauka, ya zauna masa shiru shekara da shekaru. Wani nazari da ya tattara binciken da aka yi a Ghana ya ƙiyasta a 2016 cewa kimanin kashi 12 cikin 100 na mutane suna ɗauke da shi. Na biyu gubar aflatoksin da ke fitowa daga hunhunar gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba aka zuba a buhu. In biyun suka haɗu a jiki guda, haɗarin yakan ninka ninkin-ba-ninki. Ba sai na gaya wa mutumin Tamale yawan gyaɗa da masarar da ke cikin abincinsa ba.

Yanzu ga yadda alamar take. Na'urar CT ba hoto ɗaya take ɗauka ba. Takan ɗauki ciki yanka-yanka daga ƙirji zuwa ƙugu, mutum guda ya tashi da hotuna ɗaruruwa. Kuma ba sau ɗaya ake ɗauka ba. Akan yi wa mara lafiya allurar wani ruwa mai haska jini, a ɗauka bayan kamar daƙiƙa 35, a sake bayan minti ɗaya da 'yan kai, a sake bayan wasu mintuna. Hikimar ita ce lafiyayyar hanta kusan kashi uku cikin huɗu na jininta daga jijiyar da ta taso daga hanji yake zuwa, ita kuwa kansar hanta daga jijiyar da ta taso daga wajen zuciya take sha. Don haka a ɗaukar farko ƙarin yakan yi fari fat ya riga sauran hantar haske, a ɗaukar baya kuma ya dusashe ya fi kewayensa duhu. Wannan haskawa da dusashewa ita likitan hoto yake nema. Ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta tsara ma'auni a 2011 mai suna LI-RADS, daga mataki na 1, wato tabbas ba kansa ba ce, zuwa na 5, wato tabbas ita ce, domin likitan Tamale da na Kano su yi magana da harshe ɗaya.

Mai yin alama zai buɗe hotunan a manhaja irin su 3D Slicer ko ITK-SNAP, su ma kyauta ne. Ya kama linzamin kwamfuta ya zagaye hanta a yanka na farko, ya shafa mata launi, ya matsa na biyu, ya matsa na uku. Inda ƙari ya bayyana sai ya canza launi ya bi gefensa a hankali. Gefen nan kuwa ba kullum yake fita sarai ba. Wani ƙarin yakan narke cikin naman hanta har ƙwararru biyu su shata iyaka daban-daban a hoto ɗaya. Shi ya sa a aikin kirki ba a barin mutum guda: ɗaya ya zana, babba ya duba, in sun saɓa a zauna a daidaita. Mara lafiya ɗaya yakan iya cin sa'o'i. Ka tuna kuma wanda ake roƙo ya ba da waɗannan sa'o'in shi ne likitan da layin marasa lafiya ke jira a ƙofarsa, a ƙasar da likitocin hoto ba su da yawa, mafi yawansu kuma suna Accra da Kumasi.

Zanen ma ba shi ne ƙarshe ba. Abin da ya fi ba da wuya a asibitocinmu shi ne tabbatarwa. Wannan tabon da aka zagaye, mene ne shi a ƙarshe? Amsa tana fitowa ne daga ɗan naman da aka ɗebo da allura aka auna, ko daga tiyata, ko daga cikakken hoton CT ko MRI da ya cika sharuɗɗa, ko daga bin mara lafiya wata da watanni a ga yadda tabon ya kasance. A wajenmu mutum yakan yi hoto a wannan ɗakin gwaji, ya yi awon jini a wancan, ya naɗe takardun a leda ya koma ƙauye, daga nan babu wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Hoton da ba a san ƙarshen mai shi ba, ko dubu nawa ka tara, tarkace ne kawai. In kuwa aka yi masa alama da zato, kwamfutar za ta haddace zaton ta riƙa maimaita shi da cikakkiyar gadara.

Sai tambayarka ta gaske: tunda wasu sun riga sun yi wannan wahala, me ya hana mu ɗauki nasu? Rumbun hotuna masu alama da ya fi shahara a fannin hanta shi ne LiTS, wanda masu bincike a birnin Munich suka jagoranci haɗawa don wata gasa a 2017. Hoton CT na ciki 201 ne, 131 na koyarwa, 70 na jarrabawa, daga cibiyoyi bakwai a Jamus da Holan da Faransa da Kanada da Isra'ila. Babu Afirka a ciki. Ko a can ɗin ma, sakamakon ya nuna inda gizo ke saƙar: manhajojin da suka fi ƙwazo sun dace da zanen likita da kusan kashi 96 cikin 100 wajen shata hanta, amma wajen shata ƙari sai suka tsaya a wajen kashi 70, kuma ƙananan ƙari, waɗanda su ne ake son kamawa, su suka fi kuɓuce musu. Bayan haka, da yawa daga ƙarin da ke cikin irin waɗannan rumbuna kansa ce da ta taso daga wani wuri, kamar babban hanji, ta yaɗu zuwa hanta. Tamu kuwa daga hantar take tasowa, a jikin ɗan shekara arba'in mai ciwon hanta nau'in B. Kuma hantar mutumin karkararmu tana ɗauke da abubuwan da na'urar da ta yi karatu a Munich ba ta saba gani ba: ƙurji mai mugunya da ƙwayar atuni ke haddasawa, tabon tsargiya irin ta hanji a jikin masunta da manoman fadama, wani lokaci har tarin fuka da ya sauka ciki. Likitan da ya daɗe a arewa ya san zazzaɓi da ciwon gefen dama da rami a hanta sau da yawa ƙurji ne da magani ke warkarwa. Na'urar da ba a taɓa nuna wa ƙurji ba, ko dai ta kira shi kansa ta ɗaga hankalin gida guda, ko ta wuce shi.

Akwai kuma wata ɓaraka da ba ta shafi cuta ba sam. A 2018 masu bincike a asibitin Mount Sinai na New York sun koya wa manhaja gano ciwon huhu a hoton ƙirji, sai suka tarar tana iya gane asibitin da aka ɗauki hoton, har da taimakon 'yar alamar ƙarfe da ma'aikata ke maƙalawa a kusurwa don nuna hagu da dama. Tunda wani asibitin ya fi wani yawan masu cutar, sai ta riƙa amfani da wannan wajen yanke hukunci. Da aka kai ta baƙon asibiti sai ƙoƙarinta ya ragu. Kamfanin Google ma ya ɗanɗana irin wannan a Tailan da manhajarsa ta duba idon masu ciwon suga: a rahoton 2020, kusan kashi 21 cikin 100 na hotunan da nas-nas suka ɗauka a ƙananan asibitoci manhajar ta ƙi karɓa, saboda hasken ɗakin da ingancin hoton ba irin waɗanda ta saba da su ba ne. Ka auna wannan da tsohuwar na'ura da wutar da ke ɗaukewa a tsakiyar aiki.

A ganina, in za a gina rumbu a arewacin Ghana, kada a fara da CT. Mutum ba ya kaiwa ga CT a Asibitin Koyarwa na Tamale sai ciwo ya riga ya bayyana, ga kuɗi, ga nisa ga wanda ya taso daga Gushegu ko Karaga. A wannan mataki likita ba ya buƙatar kwamfuta ta gaya masa abin da tafin hannunsa ma ke ji. Inda ake kama cutar da wuri shi ne sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, wanda akwai shi har a asibitocin gunduma. Ƙa'idar da likitocin hanta suka yarda da ita ita ce mai ciwon hanta da ke cikin haɗari ya riƙa yin sikanin duk wata shida, tare da awon jini na AFP. Raunin sikanin shi ne ya dogara ga hannun mai riƙe da shi. Nazarin da ya tattara bincike da dama a 2018 ya nuna sikanin kaɗai bai kama rabin kansar da ke matakin farko ba, in an haɗa da awon jinin kuma ya kai kusan kashi 63. Nan ne ƙirƙirarriyar basira za ta yi rana: ta tsaya kusa da ma'aikacin da ba likitan hoto ba ne, ta ce masa bai ga dukan hantar ba tukuna, ko ta ce wannan ɗigon a tura shi Tamale. Rumbun da zai koya mata haka kuwa dole ya ƙunshi gajerun bidiyon sikanin daga irin na'urorin da ke hannunmu, kuma mafi yawansu su zama na mutanen da ba su da kansa. Masu fara irin wannan aiki sukan yi ɗokin tara manyan ƙari masu ban tsoro, su manta cewa na'urar za ta wuni ne tana kallon hantar da ba komai a cikinta, kuma dole ta koyi yin shiru.

Ba abin da ba a taɓa yi ba ne a yankinmu. A 2023 likitoci da masu bincike a Najeriya sun haɗa kai da takwarorinsu na waje suka fitar da BraTS-Africa, rumbun hoton MRI na ƙarin ƙwaƙwalwa daga cibiyoyin ƙasar, mai marasa lafiya ƙasa da 200. Kaɗan ne, amma ya isa ya nuna wa duniya yadda manhajojin da aka horar a Turai da Amurka ke tuntuɓe a kan hotunanmu, kuma ya ba matasa abin gwada hannu. A fannin tarin fuka an ma yi gaba: tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar karanta hoton ƙirji wajen tantance mutane, kuma an kai ga haka ne bayan an jarraba manhajojin a kan hotuna daga ƙasashen da cutar ta yi katutu, aka gwada su da sakamakon awon majina.

Akwai batun amana, wanda ba na son ka ɗauka da wasa. Hoton asibiti yana zuwa ne a wani tsari da ake kira DICOM, kuma a bayan kowane hoto akwai rubutun da ido ba ya gani: sunan mara lafiya, ranar haihuwa, lambar kati, sunan asibiti, ranar ɗauka. Na sikanin ya fi haɗari, domin sau da yawa sunan yana rubuce a jikin hoton kansa, can sama, sai an bi ɗaya bayan ɗaya an goge. A unguwa irin Choggu ko Kalpohin, inda kowa ya san kowa, kuma har yanzu ana fasa aure a kan ciwon hanta, fitar sunan mutum ɗaya ya isa ya rusa gida. Ghana tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2012, mai lamba 843, Najeriya ma ta yi tata a 2023. Ba a taɓa hoton kowa sai da izinin kwamitin da ke sa ido kan ɗa'ar bincike, kuma takardar neman yarda ya kamata a karanta wa mutum ita da Dagbanci ko Hausa, ba a miƙa masa Turanci a ce ya dangwala ba. Sannan tun ranar farko a rubuta wa ke da rumbun. An sha kwashe samfuri da bayanai daga Afirka, a gina abu a waje, a dawo a sayar wa masu shi da dala.

To ina wurinka a ciki? Zanen ƙari ba naka ba ne, na likita ne, kuma kada ɗoki ya sa ka karɓi hotuna a filashi daga wani aboki da ke aiki a ɗakin hoto. Laifi ne, kuma babu mujallar kirki da za ta karɓi abin da aka gina a kansa. Amma kusan duk abin da ke kewaye da zanen aikin irinku ne: goge sunaye ba tare da ɓata hoto ba, ba kowane mara lafiya lambar sirri da za ta haɗa sikaninsa da awon jininsa da abin da ya faru da shi daga baya, ajiya a wuri biyu saboda wuta, da yi wa likita zanen share fage da manhaja domin ya gyara kawai maimakon ya faro daga tushe. Ka lura da abu guda da ke kayar da masu koyo: in za ka raba hotuna gida biyu, na koyarwa da na jarrabawa, da mutum ake rabawa. Idan yankan hantar mutum ɗaya ya faɗa ɓangarorin biyu, za ka sami sakamako mai daɗin gani wanda ba shi da amfanin komai. Ka sauko da LiTS ka koyi hannu a kansa, ka iya 3D Slicer, sannan ka rubuta shafi biyu ka nemi malami a makarantar koyon likitanci ta jami'ar UDS ko likitan ciki a asibitin koyarwa wanda zai yarda ya jagoranta. Ku fara da rajista mai tsabta ta masu ciwon hanta da ke zuwa duba, ko da babu ƙirƙirarriyar basira a ciki tukuna. Rajistar ita kanta za ta ceci rai, domin da ita ake kiran wanda wata shidansa ya cika bai dawo ba.

Kada kuma ka ɗora wa na'ura abin da ba nata ba. Gano ƙari mai santimita biyu yana da amfani ne idan akwai likitan da zai yanke shi ko ya ƙona shi da allura, da kuɗin yin hakan. Rumbu irin wanda muke magana shekaru yake ci, alhali abin da ke tare cutar tun daga tushe yana nan a hannu yau. Ghana ta sa rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin alluran yara a 2002, Najeriya a 2004, ke nan wanda aka haifa kafin nan bai samu a jarirantaka ba. Jaririn da ya ɗauki ƙwayar wajen haihuwa, tara cikin goma takan zauna musu har girma, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi allurar farko cikin sa'a 24 da haihuwa. Wanda aka samu da ita kuma ba a yanke masa ƙauna: akwai ƙwayar tenofobir da ke danne cutar ta rage haɗarin kansa ga wanda likita ya ga yana buƙata. A gona kuwa, cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa don rage gubar hunhuna, ga kuma tsohuwar dabara ta shanya gyaɗa a kan leda ko tabarma har ta bushe ƙayau, a tsince ruɓaɓɓu a zubar, ba a niƙa su a yi ƙuli-ƙuli ba.

Tunda kansar hanta ce ta ɗauki kawunka, a wannan makon ka tara matansa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa na ciki ɗaya, har da mahaifiyarka da kai kanka, ku je a yi muku awon jini na ciwon hanta nau'in B. Wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, wanda aka samu da ita a buɗe masa kati wajen likitan hanta, a rubuta masa ranar sikaninsa na farko.